Yadda Masu Kiwon Maciji Ke Kula Da Shi Lokacin Saɓa

Kusan kowane manomi ya taɓa tsintar saɓar maciji a bakin gona, ko a ƙarƙashin rumbu, ko a cikin tarin kara. Amma ba kowa ya san abin da ke faruwa da macijin kafin ya tuɓe wannan riga ba. Waɗanda suka fi sanin wannan su ne masu ajiye maciji a gida, domin a gaban idonsu ake yi.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Jamus akwai mutanen da ke kiwon maciji don sha'awa, kamar yadda wani ke kiwon tattabaru ko aku. Suna sa shi a akwatin gilashi, suna ba shi ɓera. Cikin waɗanda suka fi so akwai wata ƙaramar mesa marar dafi, wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, kuma ana fitar da ita da yawa daga Gana da Togo da Binin. Tsawonta ƙafa 3 zuwa 5 ne, tana kuma iya yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula da ita sosai.

Me ya sa maciji ke saɓa?

Fatar mutum tana sabuntuwa kaɗan-kaɗan kullum, ba a ma lura. Ta maciji ba haka take ba. Fatarsa ta waje ba ta girma tare da shi, kuma jan ciki yana goge ta. Saboda haka sai sabuwar fata ta tsiro a ƙarƙashi, ta sama ta fita gaba ɗaya. Ɗan maciji mai saurin girma yana iya saɓa kowane wata ɗaya ko biyu. Babba kuwa sau kaɗan yake yi a shekara.

Alama ta farko ita ce launin jikinsa ya dusashe, kamar wanda ya yi birgima a toka. Bayan haka idanunsa su yi fari-fari ko shuɗi-shuɗi, kamar mai yanar ido. Sabon mai kiwo yakan firgita, ya zaci macijin ya makance. Ba makanta ba ce. Maciji ba shi da fatar ido da yake ƙiftawa. Wani ɓawo ne mai haske kamar gilashi ke rufe idon, shi ma kuma cikin tsohuwar fatar yake. Jikin macijin kan fitar da wani ruwa tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su. Wannan ruwan ne ke sa idon ya yi hazo. Bayan 'yan kwanaki idon ya washe, sai a ga kamar an fasa. Ba a fasa ba, saura kwana kaɗan. Duka aikin yakan ɗauki mako 1 zuwa 2.

A waɗannan kwanaki maciji ba ya gani sosai. Yakan ɓuya, ya ƙi abinci, ya yi saurin fushi. Ko wanda ya saba da hannu yana iya kai sara. Don haka mai kiwo na ƙwarai yakan bar shi ya huta, ba ya ɗaukarsa sai dole. Ba ya kuma matsa masa da abinci, domin maciji mai lafiya yana iya yin makonni bai ci ba. Babban kuskure shi ne a jefa masa ɓera mai rai a tafi. Ɓeran yana iya gaigayar macijin ya ji masa mummunan rauni.

Danshi shi ne kan gaba

Idan iska ta bushe, tsohuwar fata takan manne ta ƙi fita. Duk wanda ƙafarsa ta taɓa faso da hunturu ya san aikin busasshiyar iska. A Turai da Amurka ana hura na'urar ɗumama ɗaki lokacin sanyi, ita kuwa tana busar da iska ƙwarai. Shi ya sa masu kiwo ke sayen wani ɗan ma'auni mai nuna yawan danshi. Ga wannan ƙaramar mesa, sukan ɗaga shi zuwa wajen kashi 70 cikin 100 lokacin saɓa. Suna yayyafa ruwa a akwatin. Suna ajiye kasko mai faɗi da ruwa mai tsabta, wanda macijin zai iya shiga ciki. Wasu kan yi masa ɗan maɓoya, su shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Danshi ake so, ba caɓi ba, domin kwanciya cikin jiƙa da ƙazanta tana ruɓar da fatar cikinsa.

Ana kuma sa masa dutse ko reshen itace mai kaushi. A nan zai goga bakinsa har fatar ta tsage. Daga nan sai ya riƙa silalewa, fatar tana juyewa ciki ya koma waje, kamar yadda mutum ke tuɓe safa.

Idan ya gama, mai kiwo yakan ɗauki saɓar ya buɗe ta ya duba. Wuri biyu yake nema: ɓawon idanu biyu, da ƙarshen wutsiya. In fata ta maƙale a wutsiya, takan bushe ta shaƙe wurin kamar zobe, jini ya daina zuwa, ƙarshen wutsiyar ya mutu. Maganin shi ne a sa macijin cikin ruwa mai ɗan ɗumi, marar zurfi, na minti 15 zuwa 20, sannan a bar shi ya ratsa cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ba a fizgar busasshiyar fata da ƙarfi. Ɓawon ido kuwa, in ya maƙale, aikin likitan dabbobi ne. Mai gaggawa da ya sa farce ko tsinke yana iya tsiyaye idon gaba ɗaya. Bayan taɓa maciji ko saɓarsa, sai an wanke hannu da sabulu, saboda ƙwayoyin cuta masu sa zawo da zazzaɓi.

Duk wannan bayani na macizai marasa dafi ne. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba abin ajiyewa a gida ba ne, ko da an ga gardawa suna wasa da maciji a kasuwa. Saɓa ba ta rage dafi ko kaɗan. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a Jihar Gombe yana karɓar mutane da yawa kowace shekara, akasarinsu manoma da makiyaya, kuma kububuwa ce ta fi yin ɓarna.

Ita kanta saɓar da aka tsinta ba ta da dafi. Sai dai in tana da laushi da ɗan danshi, ba a daɗe da tuɓe ta ba, mai ita yana iya kasancewa kusa. Sai a share ciyawa, a janye tarin itace daga jikin ɗaki, a toshe ramukan ɓera, a riƙa fita da tocila da takalmi da dare. In an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a garzaya asibiti. Kada kuma a auna girman maciji da saɓarsa, domin takan miƙe wajen fita, ta fi macijin tsawo.