Yadda Ake Gane Fashewar Tauraro Daga Bakan Haskensa

A ranar 14 ga Yuni, 2015, wasu ƙananan na'urorin hangen nesa na shirin ASAS-SN da ke Cerro Tololo a ƙasar Chile suka hango wani sabon ɗigon haske a sararin samaniyar kudu. Faɗin gilashin kowace na'ura santimita 14 ne kawai. Aka raɗa wa ɗigon suna ASASSN-15lh. Da farko ba a san muhimmancinsa ba, domin ƙarfin hasken da ya iso duniya ba ya faɗin komai sai an san nisan inda ya fito.

A nan ne bakan haske yake shigowa. Idan aka bi da hasken tauraro ta na'urar da ke warware shi, sai ya bazu launi-launi irin na bakan gizo, amma da layuka a jikinsa, wasu masu duhu, wasu masu haske. Kowane sinadari yana da nasa layukan, kamar yadda a da ake gane asalin mutum daga tsagen fuskarsa. Haidurojin, alal misali, yana barin layi a ɓangaren ja, a kan nanomita 656. Tun 1941 Rudolph Minkowski ya kasa fashewar taurari, wato supanoba, gida biyu bisa wannan: wadda ba ta da haidurojin ita ce rukuni na ɗaya, mai shi kuma rukuni na biyu. Faɗin layukan ma yana da labari, don yana nuna gudun tarkacen fashewar, wanda yakan kai kilomita 10,000 a daƙiƙa.

Bakan farko na wannan ɗigo, wanda aka ɗauka a Las Campanas, ya ɗaure wa masana kai. Shuɗi ne ƙwarai, alamar zafi mai tsanani, kusan babu layi, ba haidurojin ba hiliyam. Sai da aka kwatanta shi da na wata fashewa ta 2010 aka ga sun yi kama, in dai an ɗauka abin yana da nisan gaske. Babbar na'urar SALT da ke Afirka ta Kudu ce ta tabbatar da hakan. Ta kamo siraran layukan maganiziyam, sai aka ga sun gusa zuwa ɓangaren ja da kashi 23 cikin ɗari, saboda faɗaɗar sararin samaniya tana miƙe haske a kan hanyarsa. Lissafi ya ba da nisan da haske zai yi shekara biliyan 3.8 kafin ya ratsa. Abin da ke can ake kuma ganinsa da ƙaramar na'ura, ai ba ƙaramin abu ba ne: haskensa ya kai na rana biliyan 570, ninkin supanoba ta yau da kullum har sau 200. Subo Dong na Jami'ar Peking da abokan aikinsa suka wallafa wannan a mujallar Science a Janairun 2016.

Sai dai magana ba ta ƙare ba. Irin wannan fashewa an saba ganinta a ƙananan gungun taurari masu haifar sababbi, ita kuwa wannan a tsakiyar wani babban gungu take, wanda ya daɗe da daina haihuwa. Bayan wasu watanni kuma haskenta da ke gaba da shuɗi a bakan haske, wanda ido ba ya gani, ya sake tashi. Shi ya sa a Disambar 2016 Giorgos Leloudas da tawagarsa suka ce ba fashewa ba ce: wani ƙaton baƙin rami ne mai juyi da sauri, mai nauyin rana aƙalla miliyan 100, ya yayyaga tauraron da ya matso kusa da shi. A ganina hujjar wurin da abin ya faru tana da ƙarfi, ko da yake ɓangarorin biyu duk da ƙarancin layukan nan suke fama.