Daga Zongo Zuwa Tsaunukan Dassa: Keke a Sawun Fatake

Kwatano gari ne shimfiɗaɗɗe kan yashi, tsakanin teku da tafkin Nokoué, ba tudu ba gangara. Yaron da ya tashi a unguwar Zongo yana iya girma har ya yi aure bai taɓa tura keke a hawa ba, in ma ya hau keken, domin titunan garin na 'yan kabu-kabu ne masu rawayar riga, waɗanda ake kira zemijan. Shi ya sa in aka kawo zancen tseren keke a hanyoyin burji na cikin duwatsu, da yawa za su ce wannan shagalin Turawa ne. Ni kuwa ina ganin a duk Jamhuriyar Benin da wuya a sami mutanen da suka fi 'yan Zongo gadon wannan harka, kuma in suka yi sake, wasu ne za su zana hanyoyin su ci moriyarsu.

Keken da ake magana a kai yana tsakanin keken tsere da keken hawan dutse. Kansa lanƙwasasshe ne kamar ƙahon rago, tayarsa ta fi ta keken tsere kauri, faɗinta kan kai milimita 40 zuwa 50, kuma galibi ba tub a ciki, sai wani ruwan danƙo da ke toshe huda da kansa in ƙaya ta soke. Birkinsa na faifai ne, yana kamawa ko cikin laka. An ƙera shi ne domin ya yi gudu a kwalta, in kwalta ta ƙare kuma ya zarce kan jar ƙasa da tsakuwa da gargada. Gasar da ta fito da sunan wasan ta fara ne a 2006 a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, da mahaya 34 kacal a kan hanyar kusan kilomita 320 cikin tuddai. Yau dubbai ke zuwa. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta wannan fanni a Italiya. Afirka ma ta shiga: tun 2021 ake yin tseren kwana huɗu a yankin Masai Mara na Kenya. Ma'ana, hanyar da muke wa kallon koma-baya, ita wasu ke biyan kuɗin jirgi su je su nema.

Benin kuwa tana da irin wannan ƙasa. Daga Kwatano, tafiyar kimanin kilomita 200 arewa za ta kai ka Dassa-Zoumé, garin da ake wa kirari da tsaunuka 41, inda manyan duwatsu suka yi cirko-cirko cikin gonakin rogo da doya da yazawa. A nan babbar hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi Savè da Parakou, ɗaya ta bi Savalou zuwa Djougou da Natitingou. Tsakanin waɗannan rassa akwai hanyoyin ƙauye masu jar ƙasa da ke hawa da sauka ba tsayi mai karya gwiwa ba, daidai mai koyo. Can arewa maso yamma kuma akwai jerin tsaunukan Atakora, inda hanyar Natitingou zuwa Boukoumbé ke gangarawa ta Koussoukoingou cikin ƙasar Batammariba masu gidajen laka masu bene, yankin da UNESCO ta shigar cikin kayan tarihin duniya a 2023, ƙari a kan ɓangaren Togo da ta amince da shi tun 2004. Daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan ɗaukewar ruwa, kafin zafin bazara, ƙasar ta bushe, safiya da sanyi, sai dai ƙurar hunturu.

To ina ruwan Zongo da wannan? Sunan unguwar ma ya ba da amsa. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana, kuma da shi ake auna nisan tafiya. A ƙarni na 19 fataken Kano da Katsina da Sakkwato sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fatu, su ratsa Borgu ta Nikki da Parakou, su yada zango a unguwar Wangara ta Djougou, su wuce Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya da masauki, kuma a kowane gari akwai maigida mai saukar baƙi. Duk abin da mai shirya tafiyar keke ta kwanaki yake bukata a yau, shi ne wannan: sanin inda ruwa yake, inda za a kwana, wanda za a gaisar kafin a ratsa ƙauye, da tsawon da ƙafa za ta iya ɗauka a wuni. Na'urar taswira a waya tana nuna layi, amma ba ta san rafin da ya cinye gada bara ba. Mutanen Zongo har yanzu suna da dangi da abokan ciniki a Parakou da Djougou ta hanyar fataucin dabbobi da albasa da goro, suna jin Hausa, wasu da Dendi da Fon da Faransanci. Wannan jari ne da kamfanin yawon buɗe ido daga waje ba zai iya saya da kuɗi ba.

Za a ce keken yana da tsada, kuma gaskiya ne sabon na gasa ya fi sabon babur kuɗi. Amma shiga harkar ba ta nan take farawa ba. A Kano in an ce kaya ɗan Kwatano ne, kowa ya san na hannu ne da ya shigo ta tashar jiragen ruwan garin. Tsohon keken hawan dutse na gwanjo, in an sa masa taya mai kyau, an gyara birki da sarƙa, zai zagaye tuddan Dassa lafiya lau. Sannan riba mafi ɗorewa ba ta mahayin ba ce, ta masu hidimarsa ce: jagora, da mai faci da ya koyi gyaran giya, da direban motar rakiya, da matar da ke dafa abinci a zango. Tseren ƙasa na Tour du Bénin, wanda ya shiga jadawalin UCI ƙarƙashin hukumar keke ta ƙasar da fitaccen mai fasaha Romuald Hazoumè ke shugabanta a lokacin, ya nuna akwai masu sha'awa, sai dai shi kan kwalta yake bi, ya ratsa gari cikin 'yan mintoci. Mai keken burji kuwa yakan tsaya ya sayi ruwa, ya ci abinci, ya kwana.

Zancen tsaro ya fi nauyi, kuma bai kamata a sassauta shi ba. A watan Mayun 2019 an sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari, aka kashe jagoransu ɗan Benin, Fiacre Gbédji. Daga ƙarshen 2021 hare-haren 'yan bindiga suka yawaita a kan iyakar Burkina Faso da Nijar, har a Afrilun 2025 gwamnati ta tabbatar da mutuwar sojoji 54 a yankin gandun W. Wanda ya kai baƙi can yanzu ya yi ganganci da ransu da nasa, kuma abin da ya sami Gbédji ya nuna wa ya fi shiga haɗari. Amma Dassa da Savalou da Savè suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga waɗannan wurare. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a fara da tsakiyar ƙasar, a bar Atakora sai hukuma da mazauna wurin sun ce hanya ta yi kyau, kamar yadda madugu ba ya ɗaga ayari sai jagaba ya dawo da labari.

Akwai kuma ƙorafin da na fi girmamawa, na manomin da ke cewa shi kwalta yake so, domin hanyar da baƙo ke yaba wa ita ce ke hana matarsa isa asibiti da damina. Yana da gaskiya, kuma duk ranar da aka zo shimfiɗa kwalta a ƙauyensa, mai keke ba shi da bakin magana. Hanyoyin gona da na kasuwannin ƙauye suna da yawan da kwalta ba za ta cinye su nan kusa ba. Abin da za a tsare shi ne kada ƙauye ya zama wurin ɗaukar hoto kawai. A nemi izinin dagaci, a yi ciniki kan kuɗin kwana da abinci tun kafin a iso, a ɗauki yaran garin su yi jagorar yankinsu, a kauce wa wuraren tsafi da ke kan duwatsun Dassa sai da yardar masu su. Ƙungiyar matasa guda daga Zongo, da kekuna goma na gwanjo a saman motar Dassa, za ta iya auna zango uku na farko cikin hunturu ɗaya, ta rubuta nisansu da wuraren ruwa da sunayen ƙauyukan da suka yarda su sauki baƙi.