Shirin Musamman: Masu Koya wa Kwamfuta Kukan Ƙaho da Amon Fiyano

Yau situdiyo za mu shiga, mu zauna kusa da mutanen da sana'arsu ita ce su sa kwamfuta ta yi kukan ƙaho, ta yi amon jita, ta yi muryar fiyano, alhali babu ƙaho, babu jita, babu fiyano a ɗakin. Ku gyara zama.

(KIƊA, SANNAN A RAGE)

Hanya biyu ake bi wajen wannan aiki. Ta farko, a kawo abin kiɗan na gaske, a ɗauki sautinsa amo bayan amo a adana, duk sanda ka danna maɓalli na'ura ta sako maka abin da aka ɗauka. Ta biyu, wadda ita ce tamu a yau, a gina sautin tun daga tushe da lissafi. Mai tsarawa zai ba manhaja umarni: fara da wannan amo, ɗora masa wancan, tashi da sauri kamar haka, mutu a hankali kamar haka. Wannan tarin umarni shi ne muryoyin da kuke gani a jere cikin manhajar kiɗa, kowace da sunanta. A hanyar farko tuwon aka miƙo maka a tuƙe. A ta biyu an koya maka tuƙin, kana da ikon ƙara gari ko rage wuta.

To amma me ke sa kunne ya yarda? Ku biyo ni birnin Shikago na Amurka, domin a can aka taɓa kai wannan tambaya gaban hukuma.

A shekarar 1935 wani mai ƙera agogo, Laurens Hammond, ya fito da ogan mai aiki da lantarki. Shi kansa ba makaɗi ba ne. A cikin akwatin nasa akwai fayafayan ƙarfe masu haƙora guda 91 da ke juyawa a gaban maganaɗisu, kowanne yana ba da amo ɗaya tak. A gaban makaɗi kuma ga sanduna tara da yake ja ko turawa, ya gauraya amon yadda yake so. Kamfanin ya yi ta tallan cewa wannan akwati zai yi duk abin da babban ogan na coci mai ɗaruruwan bututu ke yi. Masu ƙera ogan na bututu suka ce ba su yarda ba. A 1936 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta tuhumi kamfanin da tallan yaudara.

Ku ji yadda aka gwada. Aka je ɗakin ibada na Rockefeller da ke Jami'ar Shikago, inda akwai ogan na bututu ƙirar Skinner da kuɗinsa ya kai dala 75,000. Aka shigo da na Hammond, na kimanin dala 2,600. Dala dubu saba'in da biyar, jama'a, da dala dubu biyu da ɗari shida! Aka zaunar da mutane, wasu ƙwararrun makaɗa, wasu gama-gari, ba sa ganin wanda ake kaɗawa, aka ce kowa ya faɗi wanne yake ji. Lauyoyin Hammond suka ce kusan rabin lokaci masu sauraron ko dai sun yi kuskure ko kuma canka kawai suka yi. Shaidun hukuma suka ce ai an taɓa babban ogan ɗin ne don ya yi kama da ƙaramin. A 1938 aka umarci kamfanin ya daina wasu daga cikin iƙirarinsa.

Abin da ya fi burge ni ya zo ne daga baya. Ogan ɗin Hammond yana da wasu abubuwa da injiniyoyinsa suke ɗauka aibi ne. A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai wayoyi tara da ya kamata su haɗu lokaci guda, amma ba sa haɗuwa daidai, sai a ji wani ɗan "ƙyas" a farkon kowane amo. Sannan amon wani faifai yakan ɗan yoyo ya shiga na maƙwabcinsa. Kamfanin ya yi ta ƙoƙarin danne wannan "ƙyas". Makaɗan jaz kuwa, irin su Jimmy Smith, suka rungume shi, domin shi ke ba kiɗan kaifi. Yau duk wanda ya zauna zai gina muryar Hammond a manhaja, idan ya haɗa amo tara tsaf-tsaf ya tsaya nan, babu makaɗin da zai karɓa. Dole ya koma ya saka "ƙyas" ɗin da hannunsa, ya saka yoyon, ya kuma kwaikwayi lasifikar Leslie mai juyawa wadda ke sa sautin ya riƙa kaiwa da komowa. Abin da mai abu ya so ya goge, shi ake zama a sake ginawa.

(SAUTIN OGAN, GAJERE)

Ku riƙe wannan, domin za mu sake cin karo da shi.

A birnin Faris, a 1948, wani injiniyan gidan rediyo mai suna Pierre Schaeffer yana wasa da sautin ƙararrawa da aka ɗauka a faifan garmaho. Sai ya yanke farkon sautin, wato daidai inda ƙarfe ya daki ƙarfe, ya bar sauran. Da ya saurara, ƙararrawar ta ɓace. Abin da ya rage ya fi kama da algaitar Turawa. Ashe wannan ɗan ƙiftawar ido na farko shi ke faɗa wa kunne sunan abin kiɗa. Shi ya sa mai tsara murya zai iya shafe yini guda a kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba: hucin iska kafin sarewa ta kama, karcen farce a kan tsarkiya, bugun guduma a cikin fiyano. Kamfanin Roland ya gina na'urarsa D-50 ta 1987 a kan wannan hikima: farkon sauti na gaske ne da aka ɗauka, sauran jikin kuma na lissafi.

Sai ƙaho. Shekara da shekaru ƙahon kwamfuta ba ya gamsar da kowa, duk da an bi abin da littattafai suka ce. A tsakiyar shekarun 1960 wani Bafaranshe, Jean-Claude Risset, wanda ya karanci kimiyyar lissafi da kiɗa, yana aiki tare da Max Mathews a cibiyar bincike ta Bell a jihar Niyu Jazi. Ya ɗauki sautin ƙaho na gaske ya bi shi daki-daki. Kowane amo guda da muke ji, a gaskiya tarin amo ne, akwai mai kauri a ƙasa, akwai siraran da ke samansa. Risset ya gano cewa a ƙaho, duk yadda mai busa ya ƙara ƙarfi, siraran nan na sama sai su ƙara yawa, sautin ya ƙara kaifi. Kuma su ne ke makara wajen shigowa, su ne ke rigan tafiya. Wato ƙarfi da kaifi tare suke hawa, tare suke sauka. Ina maimaita wannan saboda matasanmu na situdiyo: ƙarfi da kaifi tare suke hawa. Idan ka ƙara wa ƙahonka ƙara kawai ba ka buɗe matatar sauti don siraran amon nan su fito ba, rediyo ka ƙara wa murya, ba mai busa ka sa ya ƙara himma ba.

(KIƊA, SANNAN A RAGE)

Yanzu ga mutumin da na fi so in ba ku labarinsa. John Chowning, mai tsara kiɗa a Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya. A 1967 yana gwada sa amo ya riƙa karkarwa, irin rawar da muryar mawaƙi ke yi idan ya ja baiti. Ya yi ta ƙara saurin karkarwar, yana ƙarawa, yana ƙarawa, har ta wuce yadda kunne zai iya bin ta. Sai karkarwar ta daina jiyuwa, launin sautin ya sauya baki ɗaya. Da injin amo biyu kacal, ɗaya yana girgiza ɗaya, ya samu sautin ƙararrawa da na ganga. Da ya ɗora darasin Risset a kai, ya sa ƙarfin girgizar ya riƙa bin ƙarfin sautin, sai ga ƙaho ya fito. Jami'ar ta tallata dabarar ga kamfanonin ogan na Amurka, ba su ga amfaninta ba. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya aiko injiniya, ya saurara, ya gane. Daga nan aka samu na'urar DX7 a 1983.

DX7 tana da injin amo shida, da hanyoyi 32 na jera su, ga ɗan ƙaramin allo mai wuyar sha'ani. Yawancin waɗanda suka saye ta ba su taɓa gina murya ko ɗaya ba, abin da suka tarar a ciki shi suka kaɗa. Mutum biyu, Dave Bristow da Gary Leuenberger, su suka tsara muryoyin da ta zo da su. A cikinsu akwai wadda ke kwaikwayon fiyanon lantarki na Rhodes, wanda a cikinsa guduma ke dukan wani siririn ƙarfe a gaban maganaɗisu. Yaya suka yi? Suka raba injinan shida gida uku, biyu-biyu. Wasu suna ba da jikin sautin mai taushi. Ɗaya kuma aka sa saurinsa ya ninka na abokinsa sau 14, aka ce ya shigo da zafi ya mutu nan take. Shi ne wannan "tin" da ke kwaikwayon dukan ƙarfen. Aka kuma ɗaure shi da ƙarfin yatsa: ka taɓa a hankali ya ɓuya, ka buga da ƙarfi ya fito fili.

Ni dai a kunnena wannan murya ba ta yi kama da Rhodes sosai ba, ta fi shi ƙyalli, ta fi shi sanyi. Amma tana amsa hannu, kuma wannan ya isa. Ta mamaye waƙoƙin soyayya na shekarun 1980, har da na Whitney Houston. Yau akwai manhajar kyauta mai suna Dexed da ke karanta muryoyin DX7 na asali. An wayi gari ana kwaikwayon mai kwaikwayo.

Lokaci yana gudu, bari in gaggauta. A 1983 Kevin Karplus da Alex Strong suka wallafa wata dabara ta kwaikwayon tsarkiya. Ka zuba ɗan guntun hayaniya, irin "shuuu" ɗin rediyo, cikin wani zobe na lissafi, ta yi ta zagayawa, a kowane zagaye kana ɗan dakushe ta. Siraran amo su fara mutuwa, mai kauri ya daɗe, daidai yadda tsarkiyar jita ke yi. Tsawon zoben shi ke yanke kaurin muryar. Julius Smith na Stanford ya faɗaɗa wannan tunani zuwa kayan busa, Yamaha ta yi amfani da shi a na'urar VL1. A 2006 kuma aka fito da manhajar Pianoteq daga birnin Tulus na Faransa, aikin Philippe Guillaume, wanda mai gyaran fiyano ne kafin ya koma ya zama malamin lissafi. Tana lissafa guduma da tsarkiya da katako a lokacin da kake kaɗawa. Kuma akwai wani maɓalli a cikinta da za ka ja ka tsufar da fiyanon, tsarkiyoyinsa su ɗan saɓa wa juna. Kun ji ko? Mun sake dawowa kan aibin nan da ake nema da gangan.

To ina mu a wannan labari? A 1991 masu ƙera kayan kiɗan lantarki suka amince da jerin muryoyi 128 da kowace na'ura za ta ɗauka. A ciki akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba. Babu goge, babu algaita, babu kalangu. Shi ya sa tun da kiɗan fiyano ya shiga finafinan Hausa a shekarun 1990, makaɗanmu na Kano da Kaduna da Jos suke laluben muryar da ta fi kusa su yi maneji da ita. Sun yi ƙoƙari matuƙa, amma duk wanda ya tashi yana jin kalangu a gidan biki ya san akwai saura.

Kalangu a hammata yake magana, makaɗi na matse tsarkiya yana saki, muryar tana hawa tana sauka a cikin bugu ɗaya. Goge gashin doki ne ke gogar gashin doki, wannan kaushin shi ne gogen. Mai algaita yana cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci, busar ba ta yankewa. Kuma babu ɗayansu da ke zaune daram a kan matakai 12 na fiyano. Duk waɗannan ana iya gina su. Sytrus da ke cikin FL Studio, wadda da yawanku kuke da ita, da dabarar Chowning take aiki.

Don haka kirana gare ku 'yan situdiyo, na Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram: ku nemi makaɗan nan tun suna raye, ku biya su haƙƙinsu, ku zauna ku saurari farkon bugun da ƙarshensa, ku tambayi mai ƙera gogen me ya sa ya zaɓi wannan ƙwarya. Sannan ku koma kan kwamfuta ku gina, ku sa wa muryar sunanta na Hausa, ku raba wa 'yan'uwanku.

Lokacin da aka ɗebar mana ke nan ya cika. Wanda ya riga ya gwada irin wannan aiki, ya aiko mana da sautinsa, za mu saka shi jama'a su ji su yanke hukunci. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.