Zoben Tumbi da Doguwar Tafiya: Yadda Za a Riƙe Abin da Aka Samu

A wannan fitowa, shafinmu na lafiyar iyali zai waiwayi waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba ta hanyar sanya zobe a tumbi, abin da likitoci ke kira anneau gastrique da Faransanci. Akwai irinsu a cikinmu, maza da mata, waɗanda suka je Tunisiya ko Faransa aka yi musu aikin, suka dawo suka ga sauƙin ciwon gwiwa da ciwon suga da hawan jini. Muddin suna gida, al'amura suna tafiya daidai, domin kuwa an san tukunyarsu, an san lokacin cin abincinsu. Matsalar tana tasowa ne idan tafiya ta kama: aikin Hajji, Umarar watan azumi, fatauci a Dubai ko Gwanju ta ƙasar Sin, ko zaman wata uku wurin ɗiyar da ta haihu a Turai. A irin wannan tafiya ne mutum kan dawo da kilo da yawa daga cikin waɗanda ya sha wahalar zubarwa, wani kuma ya kwana a asibitin ƙasar da ba ya jin harshenta.

Mene ne zoben, kuma yaya yake aiki?

Zobe ne na roba mai laushi da ake kira silikon, wanda ake ɗaurawa a saman tumbi, sai ya raba shi biyu: ƴar ƙaramar jaka a sama wadda ba ta wuce cin cokali biyu ko uku ba, da sauran tumbin a ƙasa. Wani siririn tiyo ya haɗa zoben da ɗan akwati da aka binne a ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan akwati likita ke zuba ruwan gishiri na asibiti don ya matse zoben, ko ya zuƙe ruwan don ya sassauta shi. Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara sanya irin wannan zobe ta ƴan ƙananan huji, ba tare da tsaga ciki ba, ɗan asalin Habasha ne mai suna Mitiku Belachew, a garin Huy na Beljiyam a shekarar 1993. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001, kuma a farkon shekarun 2000 shi ne aikin rage ƙiba da aka fi yi a Faransa.

Daga baya wasu ayyukan sun sha gabansa, musamman wanda ake yanke babban ɓangaren tumbi a cire, har ta kai yau ba kasafai ake sanya sabon zobe ba. Wannan yana da muhimmanci ga matafiyi, domin ba kowane asibiti ne za a tarar da wanda ya saba taɓa zoben ba.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, zoben ba ya hana jiki tsotse abin da aka ci. Aikinsa kawai ya rage saurin wucewar abinci, ya sa a ƙoshi da wuri. Duk abin da yake ruwa ne, ko yake narkewa a baki, wucewa yake yi salin alin tare da sukarinsa da maiƙonsa. Yawancin masu zoben kan zubar da kusan rabin nauyin da ya yi musu yawa, amma ci gaba da riƙe wannan nasara ya rataya ne a kan ɗabi'ar ci ta yau da kullum, wadda ita ce tafiya ke fara rushewa.

Kafin a ɗaure kaya

Muna ba da shawarar a ga likitan da ke bibiyar mutum makonni da dama kafin ranar tashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a roƙi likita ya ƙara matse zoben ana gobe tafiya, wai don kada a yi ƙiba a can. Zoben da aka matse sabo yana bukatar a ga yadda jiki ya karɓe shi, kuma idan ya yi tsanani, a filin jirgi ko a Mina ne za a gane. Wasu likitocin ma sukan rage ruwan kaɗan idan mutum zai daɗe a inda babu ƙwararre. Wanda aka yi wa haka ya san cewa cikinsa zai karɓi abinci fiye da da, don haka shi ne zai zama mai tsaron kansa.

A nemi takarda daga likita, da Faransanci da Ingilishi, mai ɗauke da irin zoben, da ranar da aka sanya shi, da yawan ruwan da ke ciki, da inda akwatin yake. A ajiye ta tare da fasfo, a kuma ɗauki hotonta a waya. Akwatin ba a huda shi da allurar da aka saba, sai da wata ta musamman da ake kira allurar Huber, domin ta yau da kullum tana yaga robarsa har ya riƙa yoyo. Yana da kyau a tambayi likita sunan asibitin da ke irin wannan aiki a garin da za a je, a kuma duba ko inshorar tafiya ta haɗa da larurar da mutum ya riga ya zo da ita.

A tanadi magunguna da ƙwayoyin bitamin da za su isa dukan tafiyar, a sa su a jakar hannu. Mai ciwon suga ko hawan jini ya sake duba adadin maganinsa da likita, domin adadin da ya dace da shi lokacin da yake da kilo 120 zai iya yi masa yawa a kilo 90. A guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da aspirin sai da izinin likita, saboda suna cin bangon tumbi. Parasitamol ya fi sauƙi. Manyan ƙwayoyi kan tsaya a bakin zobe, don haka a tambayi mai farmasi wanne ake iya kasawa ko narkarwa, domin ba duka ake farfasawa ba.

A cikin jirgi

Da yawa daga masu zoben suna jin ya ƙara matsewa a cikin jirgi da kuma sa'o'in farko bayan sauka, kamar yadda suke ji da sassafe. Saboda haka ranar tafiya ranar abinci mai laushi ce: romo, nono marar sukari, kunu mai ruwa. A bar burodi da shinkafar da ake rabawa idan an ji ƙirji ya riƙe. Iskar jirgi busasshiya ce, sai a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, a bar lemon kwalba mai gas. Idan tafiyar ta wuce awa 4, a riƙa tashi ana takawa, ana motsa ƙafafu, domin zaman wuri ɗaya yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma mai ƙiba ya fi fuskantar wannan haɗari.

Teburin baƙunta

Nan ne ainihin jarrabawar take. Mu ɗauki misalin uwar gida da ta sauka wurin dangi. An yanka mata kaza, an soya nama, an dafa shinkafa, ana ta cewa "Hajiya, ai ba ki ci kome ba." Kunya ta sa ta ƙara loma, lomar ta tsaya, ta tashi ta yi amai a ɓoye. Bayan kwana uku ta gano cewa shayi mai sukari da madara da biskit da lemo ba sa ba ta wahala, sai ta koma gare su. Ga shi ba ta cin abin kirki, ga shi nauyi yana hawa. Gwangwani ɗaya na lemon kola mai santilita 33 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, wato ƙwaya 6 zuwa 7. Wanda ke shan biyu a rana har wata biyu, ya san inda kilonsa suka fito.

Maganin wannan shi ne a faɗi gaskiya tun ranar farko. Ba sai an bayyana sirrin tiyata ga kowa ba, ya isa a ce wa mai masauki, "Likita ya ƙayyade mini abinci, kaɗan nake ci, kuma a hankali." Mu ma masu karɓar baƙi mu sani cewa matsa wa irin wannan baƙo da abinci cutarwa ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Ƙa'idojin ci ba sa canzawa don an canza ƙasa. A zuba a ƙaramin faranti, a fara da abin da ke gina jiki, wato kifi, ƙwai, wake da ya nuna sosai, ko naman da ya yi laushi cikin miya, sannan ganye, sannan abin da ya rage na tuwo ko shinkafa. A yi ƙananan loma, a tauna har ta zama kamar kunu, a ɗauki minti 20 zuwa 30, a tsaya da zarar an ji alamar ƙoshi. Kada a sha ruwa tare da abinci. A jira kamar rabin awa. Abincin da ya fi tsayawa shi ne busasshen nama irin kilishi da tsire, da burodi mai laushi, da shinkafar da ta bushe, da ƴaƴan itace masu zare ko ɓawo. A otal ɗin da ake jera abinci kowa ya ɗiba, a zagaya a gani tukuna, a ɗiba sau ɗaya, a zauna nesa da teburin zaƙi. Ɗan kasuwar da ke wuni a shagunan Deira ko Gwanju ya riƙe dafaffen ƙwai ko nono marar sukari, don kada yunwa ta kai shi ga soyayyen abincin bakin hanya.

Zafi, ƙishirwa da azumi

Mai zobe ba ya iya kwankwaɗar ruwa da yawa lokaci guda, ga shi yana bukatar lita 1 da rabi zuwa 2 a rana, fiye da haka ma a wurin zafi. A aikin Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar alhazai fiye da 1,300. Don haka gorar ruwa kada ta bar hannu, a riƙa kurɓa ko ba a ji ƙishi ba, har da ruwan Zamzam. Fitsari mai duhu alama ce ta cewa ruwa ya yi ƙaranci. Gudawa ko amai na matafiya sun fi saurin kayar da mai zobe, sai a tafi da ƙunshin gishiri da sukari na farmasi.

Game da azumi, likitoci kan hana shi a watannin farko bayan tiyata, kuma sanannen abu ne cewa addini ya yi rangwame ga marar lafiya da matafiyi. A tuntuɓi likita da malami kafin a yanke shawara. Wanda aka yarje masa ya buɗe baki da ruwa mai ɗumi, da dabino ɗaya da aka tauna sosai, sannan romo. Ya yi sallah, ya dawo ya ci kaɗan. Ya raba shan ruwansa tsakanin magariba da sahur, kuma kada ya kwanta da zarar ya gama ci, saboda ƙwannafi.

Tafiya ma tana da alherinta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Alhaji yana samun wannan cikin sauƙi: tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, kai da kawowa bakwai sun haura kilomita 3. Wanda ya je Turai lokacin sanyi shi ne abin ji, domin zaman ɗaki da talabijin da ciye-ciye suna tafiya tare. Ya sanya wa kansa rabin awa na tafiya kullum, ko raka jikoki makaranta, ko hawa matakala. A hau sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe, a rubuta. Idan an ga ƙarin kilo 2, a duba abin sha tun kafin su zama 10.

Alamomin da ba a jira da su

Idan loma ta tsaya, a daina ci, a tashi a taka, a koma abin ruwa har kwana ɗaya. Amma idan ruwa ma ya ƙi wucewa, ko yawu, ko amai ya ƙi tsayawa, ko akwai ciwo mai tsanani a ciki ko ƙirji, ko amai da jini, ko baƙin bayan gida, ko zazzaɓi tare da ja da kumburi a wurin akwatin, to asibiti za a nufa a take. Zoben kan zame daga wurinsa har ya shaƙe tumbi, kuma zuƙe ruwan da ke ciki shi ne matakin farko na ceto. Aman da ya ɗauki makonni yana ƙarar da bitamin B1, rashinsa kuwa yana taɓa ƙwaƙwalwa da gani da tafiya. A gaya wa likita wannan tun kafin a sa ƙarin ruwa mai sukari. Lambar motar asibiti ita ce 15 ko 112 a Faransa, 997 a Saudiyya, 998 a Dubai, 120 a ƙasar Sin. Abokin tafiya aƙalla ɗaya ya san da zoben da inda takardar take.

Bayan dawowa

A koma wurin likita cikin makonnin farko, a gwada nauyi, a duba jini, a maida ruwan zoben idan an rage shi, kuma a hankali ake maidawa. Wanda ya dawo da ƙarin kilo kada kunya ta hana shi zuwa, domin ɓuya daga likita ita ke mai da ƙaramin ƙari babba. Mu kuma ƴan gida mu daina auna daɗin tafiya da kumatun matafiyi, mu daina cewa "kin rame, ba su ba ki abinci ba ne?" Mu tarbe shi da romo da kifi, mu bar masa ƙaramin farantinsa.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.