Rana tana cin abin hawan da aka ajiye

Ƴan'uwa manoma, da an gama aikin kaka samari da yawa sukan tafi cin rani, su bar babur a tsakar gida har damina. A Galmi da Jiratawa kuma, idan aikin lambu ya ƙare, ana jingine injin ban ruwa. Motar ƙungiya ma takan yi watanni ba ta motsa ba. Mukan ɗauka abin da ba ya aiki ba ya lalacewa. Ba haka ba ne. A watannin Afirilu da Mayu, zafi a Tawa da Yamai yakan wuce digiri 40 a inuwa, wata rana ya kai 45. Cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce 60. Ko a jihar Arizona ta Amurka, inda hamada take kama da tamu, masu manyan motocin yawon shaƙatawa sukan rufe tayoyinsu da gilasansu kafin su ajiye su, saboda wannan dalili.

Maganin farko shi ne inuwa, amma inuwar ma iri-iri ce. Rumfar kara ko ta zana ta fi, domin tana tare rana, iska kuma tana ratsa ta. Kwano yana ɗaukar zafi ya sauke shi ƙasa, sai dai in an ɗaga shi sama sosai. Baƙar leda kuwa, wadda mutane suke so saboda arha, ita ce mafi muni. In an naɗe babur da ita a rana, kamar an sa shi a tanda ne. Wanda ba shi da rumfa ya nemi gawo. Wannan itace yana da ganye da rani, yana zubar da shi da damina, saboda haka inuwarsa tana nan daidai lokacin da ake bukatarta. Sai dai a yi shinge, don awaki masu neman ƴaƴan gawo ba sa jin kunyar hawa kan mota.

Taya ita ce rana take fara ci. Hasken rana yana busar da roba, sai gefen taya ya yi ƙananan tsage kamar faso. Irin wannan taya tana iya fashewa a hanya da kaya a kai, ko da haƙoranta ba su cinye ba. Mu ɗora abin hawan a kan bulo ko guntun icce, tayoyi su rabu da ƙasa mai zafi, mu rufe su da tsohuwar tabarma. Kada a sace iskar. Wasu suna shafa wa taya baƙin mai wai don ta yi laushi. Mai yana cin roba, a daina. Tiyon ban ruwa shi ma haka: a zubar da ruwan ciki, a naɗe shi, a rataye a ɗaki.

Sai batir. Zafi yana ƙafar da ruwansa, yana kuma sa wutarsa ta tsiyaye ko ba a taɓa shi ba. Batirin da ya daɗe babu wuta ba ya komawa daidai. A cire shi, a fara kwance waya mai alamar ragi (-), a ajiye shi a ɗaki mai sanyi inda yara ba sa kaiwa, domin ruwansa yana ƙona fata da ido. Sau ɗaya a wata a kai shi caji. In irin wanda ake buɗewa ne kuma ruwansa ya ragu, a ƙara ruwan batir na sayarwa. Ruwan rijiya yana da gishiri da ke kashe shi.

Man fetur yana tashi da zafi, ya bar wani danƙo da ke toshe kafireto. Shi ya sa injin da aka ajiye lafiya yake ƙin tashi ranar bukata. A rufe makunnin mai, a bar injin yana aiki har ya mutu da kansa. A toshe bakin salansa da tsumma saboda ƙura da zanzaro, a ɗaura jan ƙyalle a makama don a tuna a cire. Jarkar mai kuma kada ta kwana a rana ko kusa da murhu.

Akwai abin da ya fi dukiya. Motar da aka ajiye wurin wasan ɓuya ce ga yara. Jikin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, kuma yaron da ƙofa ta rufe da shi da tsakar rana yana iya mutuwa kafin a lura. A kulle ƙofofi da wurin kaya na baya, mabuɗi ya zauna hannun babba. In yaro ya ɓace a gida, a fara duba cikin mota. In an same shi jiki ya yi zafi, ya galabaita, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi gidan likita.