Nonon Uwa Da Ƙwayoyin Hanjin Jariri: Abin Da Na Koyo A Maiduguri

Bayan ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumban 2024, na tashi daga Agege zuwa Maiduguri don duba 'yan uwa. Na tarar da ƙanwata tana jego, jaririnta bai cika wata biyu ba, ruwa ya kore su daga Gwange sun raɓa a gidan dangi. Rijiyoyi sun gurɓace, ga labarin amai da gudawa a gari. A nan gardama ta tashi. Innarmu ta ce zafi ya yi yawa, a ɗiga wa yaro ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka ta ce: “Inna, ki yi haƙuri, ko ɗigo kada a ba shi. Nonon ya ishe shi.” Tun daga ranar na shiga bin diddigin dalili, ga kuma abin da na fahimta.

Hanjin kowane mutum cike yake da ƙwayoyin bakteriya, wasu masu amfani, wasu masu cutarwa. Jariri yana fara samun nasa tun wajen haihuwa, daga jikin uwa da fatarta da nononta. Waɗanda suka riga kama wuri su ne ke iko da hanjin. Tun a 1899 wani likita a Faransa, Henry Tissier, ya gano cewa kashin jariran da ke shan nono cike yake da wata ƙwaya, wadda yau ake kira Bifidobakteriya.

Abin mamakin shi ne, a cikin nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari na musamman, sama da iri 200, waɗanda cikin jariri ba ya iya narkarwa. Bayan sukarin madara da maiƙo, su suka fi yawa a cikin sinadaran nono. To, me ya sa jikin uwa zai wahala wajen yin abin da ɗanta ba zai narkar ba? Abincin Bifidobakteriya ne. Idan ta ci, sai ta yaɗu ta cika hanji, ta fitar da tsami wanda ƙwayoyin gudawa ba sa jin daɗin zama a cikinsa. Waɗannan sukarin kuma suna kama da wurin da ƙwayar cuta ke maƙalewa a bangon hanji, sai ta maƙale musu, a fitar da ita a kashi.

Dakashi ma, wanda wasu iyayenmu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko. Yana ɗauke da garkuwar da jikin uwa ya haɗa kan cututtukan da ke kewaye da ita, yana shafe bangon hanjin jariri da ita.

Ruwa fa? Nono kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, don haka ko a zafin Maiduguri na watan Afrilu yana kashe ƙishi. Ruwan da aka ba jariri yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, nonon uwa ya ragu, kuma yana iya shigar da ƙwayar cuta kafin masu tsaron su yi ƙarfi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla.

'Yan uwa mazauna kudu, maganar nan tamu ce. A Agege, Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, ruwan baro da fiya wata muke saye, damina kuma kwata na shiga gidaje. Uwa na sauri ta koma sana'a, sai a haɗa madarar gwangwani a bulunboti da ruwan da ba a tafasa ba. Ga sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba da izinin likita ba, alhali yana share na kirki tare da miyagun.

Wadda lalura ta hana shayarwa ba abin zargi ba ce, ta nemi shawarar asibiti, ta tafasa ruwa, ta tsaftace mazubi. Jaririn da ya fara gudawa kuma kada a janye masa nono, a ƙara ba shi, a garzaya asibiti. Ku kuma maza, ku ciyar da mai jego, ku rage mata aiki, ku lallashi iyaye kan batun ruwa.

Innarmu dai ta haƙura, ko da yake ba ta daina mita ba. Yaron ya yi wata shidansa a kan nono zalla, ranar da aka fara ba shi kunu ita da kanta ta dama. Allah Ya raya mana zuri'a.