Jego a Ƙasar Arewa: Kunun Kanwa da Lafiyar Uwa

A wannan taƙaitaccen bayani muna duba kwana arba'in na jego a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jihar Doso. Mai haihuwar fari takan koma gidan iyayenta, wato goyon ciki. A can uwarta ko kakarta ke kula da komai: wankan jariri, gashin cibiya, wankan jego da ruwan zafi safe da yamma, da damun kunun kanwa, wanda ake cewa yana kawo ruwan nono.

Abin lura a nan shi ne kanwar. Tun cikin shekarun 1970, binciken Davidson da Parry a Zariya ya danganta yawan shanta, haɗe da zafin wanka, da ciwon zuciyar masu jego, domin gishirinta yana tara ruwa a jiki. Alamominsa su ne kumburin ƙafa da haki.

Ke nan, a ganinmu, gargaɗin da ma'aikatan lafiya ke yi wa mai jego ita kaɗai bai wadatar ba. Tsohuwar da ke dama kunun ita ya kamata a fara fahimtarwa, tunda mai jego ba ta musa mata.